Tarihin Lucille Ball, Sarauniyar Ban Dariya Ta Ƙasar Amurka

Ran Litinin, 19 ga watan Janairu, 1953, mutum miliyan 44 a ƙasar Amurka suka bar abin da su ke yi, suka zauna gaban akwatunan telebijin don su kalli wasan kwaikwayon wata mata mai ban dariya. Kashegari aka rantsar da sabon Shugaban Ƙasarsu, Janar Eisenhower, wanda ya shugabanci rundunonin ƙawance a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma waɗanda suka kalli bikin kimanin miliyan 29 ne kurum. Matar nan da ta fi Shugaban Ƙasa tara jama'a ita ce Lucille Ball, kuma tarihinta za mu ba ku yau.

Galibin mutane sun ɗauka mai ban dariya, kamar ɗan kama, da abinsa aka haife shi, ba ya bukatar koyo ko wahala, sai dai ya buɗe baki jama'a su fashe. To, wanda ya bi labarin matar nan zai sake tunani. Malamanta na fari sun ce ba ta da rabo cikin sana'ar, ta kuma shekara 40 a duniya kafin sunanta ya game ƙasa. Abin da ya kai ta inda ta kai shi ne naci, da yawan gwaji, da sanin darajar aikinta sa'ad da aka zo rubuta yarjejeniya.

Asalinta Da Ƙuruciyarta

An haifi Lucille Ball ran 6 ga watan Agusta, 1911, a wani gari wai shi Jamestown, cikin jihar Niyu Yok. Ubanta, Henry Ball, ma'aikacin kamfanin tarho ne, mai ja wa mutane waya. Tana da shekara uku zazzaɓin taifot ya kashe shi, cikin watan Fabrairu, 1915, ya bar uwarta da cikin ƙanenta Fred. Uwar ta koma gidan iyayenta, daga baya ta sake aure. Har an yi wani lokaci da aka kai yarinyar riƙo wurin iyayen mijin uwarta, waɗansu tsofaffi masu tsanani ƙwarai, waɗanda ko duba madubi ba su yarda yaro ya yi ba.

Wanda ya zama mata uba na sosai shi ne kakanta na wajen uwa, Fred Hunt, a ƙauyen Celoron kusa da Jamestown. Shi ne ya riƙa kai jikokinsa gidajen wasa, inda masu raye-raye da mawaƙa da masu barkwanci kan hau dandamali bi da bi. Nan sha'awar abin ta shiga ranta. Amma cikin 1927 masifa ta auka wa gidan. Yara suna koyon harbi a bayan gida, kakan yana tsaye, sai harsashi ya sami ɗan maƙwabcinsu, ya shanye masa jiki. Aka kai ƙara, shari'a ta ci tsohon, aka sayar da gidan da kayan cikinsa don a biya diyya. Tsoron talauci da ya shige ta tun daga ran nan bai rabu da ita ba har bayan ta yi arziki.

Kafin wannan, cikin 1926, tana da shekara 15, uwarta ta tattara ɗan abin da ta ke da shi ta sa ta makarantar koyon wasan kwaikwayo ta John Murray Anderson a birnin Niyu Yok. Cikin ɗaliban akwai Bette Davis, wadda ta zama babbar tauraruwa daga baya, ita ce malamai su ke ji da ita. Lucille kuwa 'yar ƙauye ce, ga kunya, in an ce ta tashi ta yi magana sai harshenta ya sarƙe. Ba a daɗe ba makarantar ta rubuta wa uwarta takarda cewa ɓata kuɗi kawai ta ke yi, yarinyar ba za ta iya ba.

Ta koma gida, amma ba ta haƙura ba. Ta sake komowa birnin, ta yi ta neman shiga cikin 'yammata masu rawa a gidajen wasa, ana ɗaukarta ana sallamarta. Daga bisani ta sami aiki wurin wata mashahuriyar mai ɗinki, Hattie Carnegie, watau ta sa sabbin riguna ta yi yawo da su gaban matan attajirai don su gani su saya. Tana cikin wannan sai ciwon gaɓoɓi ya kayar da ita, ta yi wajen shekara biyu a gida tana jinya. Da ta warke ta koma bakin aikinta, har kamfanin taba na Chesterfield ya buga hotonta cikin tallarsa.

Shekarun Holiwud

Cikin 1933 aka ɗauke ta cikin 'yammatan da za su yi wa wani fim ado, mai suna Roman Scandals. Dalilin zuwanta Holiwud ke nan, watau unguwar nan ta birnin Los Anjalis, can yammacin Amurka, inda manyan kamfanonin fim su ke. Kyawawan 'yammata ba su ƙirguwa a wurin, kowace tana tsare kwalliyarta. Lucille ta lura da abin da sauran su ke gudu, ta ce a ba ta. In ana neman wadda za a watsa wa taɓo a fuska, ko wadda za ta faɗi ƙasa jama'a su yi dariya, ita ce kan miƙa hannu. Ta haka masu shirya fim suka fara shaida ta.

Ta yi shekara bakwai a kamfanin RKO, tana samun darasi wurin Lela Rogers, uwar shahararriyar mai rawan nan Ginger Rogers. Ta fito cikin Stage Door a 1937 tare da Katharine Hepburn, da Room Service a 1938 tare da 'yan'uwan nan masu barkwanci da a ke kira Marx. Amma yawancin finafinan da aka ba ta jagorancinsu masu araha ne, irin waɗanda a kan haɗa da babban fim don cika lokaci, har aka yi mata laƙabi da sarauniyar finafinan araha. Ta koma kamfanin MGM, inda aka rina mata gashi ja saboda wani fim mai launi na 1943, jan gashin nan kuwa ya zama alamarta har ta mutu. A can ta sadu da Buster Keaton, gwanin ban dariya na zamanin finafinai marasa magana, wanda ya koya mata yadda a ke sarrafa kayan wasa, ta san nauyin kowane abu da yadda zai faɗi tun ba ta taɓa shi gaban jama'a ba.

Ta fito cikin finafinai fiye da 50, tana cin abincinta, amma ba ta shiga sahun gaba ba. A Holiwud kuwa mace in ta doshi shekara 40 kasuwarta ta fara watsewa ke nan.

Aure Da Rediyo

Cikin 1940, wurin ɗaukar wani fim mai suna Too Many Girls, ta gamu da Desi Arnaz, makaɗi kuma mawaƙi, mutumin ƙasar Kyuba. Ubansa ya taɓa zama magajin garin Santiyago, amma juyin mulkin 1933 ya raba su da dukiyarsu, suka gudo Amurka hannu wofi. Ta girme shi da kusan shekara shida. Suka yi aure ran 30 ga Nuwamba, 1940. Zaman bai yi daɗi ba, gama ita tana Holiwud tana aiki tun asuba, shi kuwa yana yawon garuruwa da makaɗansa, ga shan giya, ga neman mata. Cikin 1944 har ta kai ƙara a raba su, sa'an nan suka shirya.

A 1948 kamfanin watsa labarai na CBS ya ba ta wasa a rediyo mai suna My Favorite Husband, inda ta ke fitowa matar wani ma'aikacin banki, mai yawan jawo wa mijinta rigima. A gaban 'yan kallo a ke yin wasan, nan ne fa ta gane cewa dariyar jama'a ita ce ke kunna ta, in tana jin su sai fuskarta da jikinta duk su shiga aiki. Nan kuma ta haɗu da marubuta uku da suka daɗe tare da ita: Jess Oppenheimer, da Madelyn Pugh, da Bob Carroll.

Da telebijin ya fara yaɗuwa, CBS suka nemi a mai da wasan can. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi guda, mijinta na gaske shi zai fito mijinta cikin wasan. Nufinta ta raba shi da yawo, su zauna wuri ɗaya, ko auren ya tsira. Manyan kamfanin suka ƙi, wai jama'a ba za su yarda Ba'amurkiya tana auren baƙo mai gurɓataccen Turanci ba, alhali kuwa shekararsu goma da aure. Maimakon gardama, sai ma'auratan suka kafa kamfaninsu a 1950, suka haɗa sunayensu suka kira shi Desilu, suka shirya wasa suka bi gidajen wasa gari gari. Duk inda suka je jama'a suka cika wuri. Gani ya kori ji, CBS suka sauko.

Yarjejeniyar Da Ta Kawo Arziki

Saura matsala guda. A zamanin nan yawancin wasannin telebijin daga Niyu Yok a ke watsa su kai tsaye, don a gabashin ƙasar masu kallo suka fi yawa. Garuruwan da ke nesa kuwa sai a kafa kyamara gaban gilashin telebijin a ɗauki hoton, a aika musu da shi dishi-dishi. Kamfanin taba na Philip Morris, wanda zai biya kuɗin wasan don a yi masa talla, ya ce lalle su ƙaura Niyu Yok. Su kuwa ba su son barin gidansu, ga Lucille da cikin fari bayan ta sha ɓari.

Desi ya kawo shawara a ɗauki wasan a Holiwud bisa fim mai kyau irin na sinima, a rarraba wa tashoshi, kowa ya ga hoto garau. Aka ce ai wannan ya yi tsada. Sai suka yarda a rage dala 1,000 kowane mako daga albashinsu, muddin finafinan za su zama mallakar Desilu bayan an nuna su. CBS suka sa hannu da murna, don a ganinsu wasan da aka riga aka kalla ba shi da sauran amfani. Bayan 'yan shekaru sai da suka biya fiye da dala miliyan huɗu kafin su karɓi finafinan nan.

Don aikin ɗaukar hoto suka nemo Karl Freund, wanda ya ƙware tun a ƙasar Jamus, yana cikin waɗanda suka ɗauki fim ɗin nan Metropolis na 1927. Ya tsara fitilu daga sama yadda haske zai bazu daidai ko'ina, kyamara uku su yi aiki lokaci guda, ɗaya daga nesa, biyu daga kusa, ga kuma 'yan kallo wajen 300 zaune suna dariya. Ba a tsayawa gyaran fitila, wasa ya tafi kamar a dandamali, daga baya a zaɓi hoton da ya fi kyau a harhaɗa. Wannan tsari shi ne masu wasannin ban dariya na telebijin suka yi ta bi shekara da shekaru.

An haifi 'yarsu Lucie ran 17 ga Yuli, 1951. Ran 15 ga Oktoba na shekarar aka fara nuna wasan, mai suna I Love Lucy, watau Ina Ƙaunar Lucy.

Yadda Wasan Ya Ke

Labarin ba shi da wuya. Lucy matar aure ce a wani gidan haya a Niyu Yok, mijinta Ricky shugaban makaɗa ne. Ita ba abin da ta ke so kamar ta shiga wasa ta yi suna, shi kuwa ya ce ta zauna gida. Kowane mako sai ta ƙulla wata dabara tare da aminiyarta Ethel, matar mai gidan hayar, dabarar ta kwance, ta ƙare a kansu. Vivian Vance ce ta fito Ethel, William Frawley ya fito mijinta Fred.

Akwai wanda Lucy ta sami aikin tallan wani maganin ƙarfin jiki, ba ta san da barasa mai yawa a ciki ba. Ana maimaita gwaji tana kurɓa, har harshe ya karye, sunan maganin ya gagare ta faɗi. Akwai wanda ita da Ethel suka kama aiki a ma'aikatar alewar cakulan, aka ce su naɗe kowace alewa da ta zo wucewa bisa bel. Bel ya ƙara gudu, suka rasa yadda za su yi, suka shiga cusa alewa a baki da hula da cikin riga. Akwai kuma wanda ta shiga babban kwarya tana tattake inabi a Italiya, faɗa ya kaure tsakaninta da matar da ke aikin.

Mai kallo sai ya ce duk nan take abin ya zo mata. Ko kusa. Marubuta su kan rubuta kowane motsi dalla-dalla, inda za ta juya, da sa'ad da za ta zare ido, ita kuwa ta bi rubutun sau da ƙafa. Ta kan yi kwanaki tana gwada abu guda, in kayan wasa ne ta yi ta juya shi har hannunta ya saba. Saboda wasan alewar nan ma sai da aka kawo ma'aikaciyar alewa ta gaske ta zauna kusa da ita. Abokan aikinta sun shaide ta da tsanani, ba ta ɗaukar sakaci daga kowa, balle daga kanta. Cikin shekara shida aka yi wasa 180, a huɗu daga cikin shekarun nan kuwa ba wasan da ya kai shi yawan masu kallo a Amurka duka.

Shekarar Daɗi Da Tashin Hankali

Cikin 1952 ta sami ciki na biyu. A lokacin nan nuna mace mai ciki a telebijin abin kunya ne wurinsu, amma aka daure aka sa cikin a labarin. CBS suka hana a ambaci kalmar ciki ɓaro-ɓaro, aka kuma sa malaman addini uku, na Katolika da na Furotesta da na Yahudawa, su duba rubutun kafin a yi. Ran da aka nuna Lucy ta tafi asibiti haihuwa, watau ran 19 ga Janairun nan da muka ambata, ran nan da safe Lucille ta haifi ɗanta Desi ƙarami. Cikin gidaje goma masu telebijin, fiye da bakwai wasan su ke kallo. Lokacin da ta ke hutun haihuwa aka sake nuna tsofaffin wasannin, jama'a suka kalla kamar sabbi, nan aka gane cewa fim ɗin da ke ajiye dukiya ne.

Ba a rufa shekara ba sai ga tashin hankali. Zamanin nan Amurka tana farautar 'yan Kwaminis, wanda duk aka shafa wa wannan suna aikinsa ya ƙare. Aka tono cewa a 1936, wurin rajistar masu zaɓe, Lucille ta rubuta jam'iyyar Kwaminis. Cikin watan Satumba, 1953, ta ba da bayani gaban mai binciken wani kwamitin Majalisar Wakilai, ta ce ta yi haka ne don ta faranta wa kakanta rai, wanda ya ke mai ra'ayin 'yan ƙwadago ne, ba ta kuwa taɓa shiga harkar jam'iyyar ba. Jaridu suka yi ta yayatawa kwana da kwanaki, amma kwamitin ya wanke ta, masu kallo kuma ba su juya mata baya ba.

Rabuwa Da Shugabancin Kamfani

Desilu ya yi ta bunƙasa, har a 1957 suka sayi filayen ɗaukar fim na RKO a kan dala wajen miliyan shida, wurin da Lucille ta yi shekaru tana ƙaramar ma'aikaciya. Amma wasan da aka ƙago don ya ceci aure bai cece shi ba. Nauyin kamfani ya ƙara tura Desi cikin giya, gida ya zama fagen faɗa, alhali kowane mako jama'a suna ganinsu cikin akwati suna wasa da dariya. Cikin watan Maris, 1960, da gama ɗaukar wasansu na ƙarshe, ta kai ƙara, aka raba auren a watan Mayu. Ko da ya ke sun rabu, ba su bar zumunci ba har mutuwa. A 1961 ta auri wani mai barkwanci, Gary Morton.

A 1962 ta sayi hannun jarin Desi, ta zama mace ta fari da ta shugabanci babban kamfanin shirya wasannin telebijin a Amurka. Ba ta son zaman ofis, amma ta riƙe shi, tana kuma fitowa cikin sabon wasanta, The Lucy Show, daga 1962 zuwa 1968. A hannunta aka yanke wata shawara mai nauyi. Mashawartan kamfanin suka ce a bar waɗansu sababbin wasanni biyu, Star Trek da Mission: Impossible, don tsadarsu za ta karya kamfanin. Ta saurare su, ta ce a ci gaba. Aka fara nuna su a 1966, daga baya kowannensu ya haifi jerin finafinan sinima da suka zaga duniya. A 1967 ta sayar da Desilu ga kamfanin Gulf and Western a kan dala miliyan 17. Daga 1968 zuwa 1974 ta yi wani wasan, Here's Lucy, tare da 'ya'yanta biyu. Sau huɗu tana cin Emmy, babbar kyautar ma'aikatan telebijin na Amurka, a 1953, da 1956, da 1967, da 1968.

Ƙarshen Rayuwarta

Duniya rawar 'yammata ce, na gaba ya koma baya. Fim ɗinta mai waƙe-waƙe, Mame, na 1974, ya sha suka wurin masu sharhi. A 1985 ta ba mutane mamaki da ta fito tsohuwa marar gida mai kwana a titi, cikin wani fim marar ban dariya, Stone Pillow. A 1986, tana da shekara 75, ta sake gwada wasa irin na dā, Life with Lucy, amma zamani ya juya, bayan an nuna takwas aka dakatar da shi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ran 2 ga Disamba na shekarar Desi Arnaz ya mutu, bayan 'yan kwanaki kuma aka karrama ta a Cibiyar Kennedy da ke Washinton.

Fitarta ta ƙarshe gaban jama'a ita ce wurin bikin kyautar Oscar, cikin watan Maris, 1989, tare da tsohon abokin wasanta Bob Hope, inda mutane suka miƙe tsaye suna tafa musu. Ran 26 ga Afrilu, 1989, babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya ta fashe mata, ta mutu a Los Anjalis tana da shekara 77. Cikin shekarar Shugaba George Bush ya ba ta Lambar 'Yanci, wadda ke cikin mafiya girman lambobin da Amurka ke ba farar hula. A 2002 'ya'yanta suka mai da ragowarta maƙabartar Jamestown, a 2018 kuma aka buɗe Cibiyar Ban Dariya ta Ƙasa a garin.

To, jama'a, tarihin Lucille Ball ke nan. Malamin da ke da yaro mai nauyin baki a ajinsa, ya tuna da takardar da aka rubuta wa uwar yarinyar nan kafin ya yanke hukunci, gama ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wanda kuma aikinsa ya ke rubuta yarjejeniya ko duba ta, ya tuna da dala 1,000 da aka bari kowane mako, da miliyoyin da suka biyo baya. Ita kam ta ɗauki ban dariya aiki, ta ba shi haƙƙinsa, shi ma ya biya ta.